Tunau Mai Jinka da Shingen Ƙaya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can cikin ƙasar noma, tun zamanin da bishara take baƙuwa a wajajen, tun ba a san rufin kwano ba. Sunan garin ba zai ƙare ku da kome ba, saboda haka na bar shi. Sunan mutumin Tunau. Sana'arsa jinka da saƙar zana. In ɗakinka na yoyo shi za ka kira, ya hau ya baibaye maka, ya sauko, ka ba shi abin da ya sawwaƙa, ya ce Allah ya amfana. Ɗan ƙaramin mutum ne, siriri, ba shi da hayaniya. Kuma 'yan'uwa, bari in faɗa muku tun yanzu, kada ku gyara zama kuna zaton labarin wani barde zan ba ku. Tunau matsoraci ne. Garin duka an san shi da haka, shi ma bai taɓa musu ba.

Amma ba kome yake tsoro ba. Mai hawa kan jinka ai ba ya tsoron bisa. Maciji ma in ya gani cikin ciyawar rufi, sanda yake sawa ya ɗage shi ya ci gaba da aikinsa. Abu ɗaya ne ke kashe masa jiki, aradu. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas aka fara cida, sai ka ga Tunau ya sulalo daga kan ɗaki, ko da aikin saura ƙiris, ya nufi gida da sauri, ya shige ƙuryar ɗaki ya lulluɓa da tabarma ya toshe kunnuwa. Matarsa Tabawa ce za ta kwashe shanya, ta koro awaki, ta rufe bakin rumbu.

Na ga wasunku suna murmushi. Ku dakata tukuna ku ji dalili, ruwa ba ya tsami banza.

A garin nan akwai wata al'ada da suka gada kaka da kakanni. In aradu ta faɗa wa mutum, cewa suke yi ta kama namanta, ba mai taɓa shi. Nan take za a sari ƙaya a kewaye shi da ita, a bar shi inda ya faɗi, a aika ƙetaren rafi a kira Mai Aradu, wani tsoho da ya gaji wannan aiki, ya zo da ɗanyar madara ya wanke mutumin da wurin, sannan a buɗe shingen. Duk wanda ya tsallake ƙayar kafin Mai Aradu ya iso, an ce ya ƙwace wa aradu nama, za ta bi shi har gida ta rama kafin damina ta fita, ko a kansa, ko matarsa, ko ɗansa. Don haka ba a barinsa ya ƙara kwana cikin gari, kada ya jawo wa maƙwabta. Sai dai ya kwashi iyalinsa ya koma jeji har kaka, in ya kai.

To, Tunau yana yaro aradu ta faɗa wa ubansa a bakin gona. Bai mutu nan take ba. Aka kewaye shi da ƙaya, aka aika, aka tarar Mai Aradu ya yi tafiya. Hadari ya wuce, rana ta buɗe ta yi ta dukan mutumin nan yana kwance cikin shinge. Ya juya ido ya hango ɗansa cikin masu kallo, ya ce, "Tunau, ɗebo mini ruwa." Yaro ya zabura zai tafi, ƙanen uban, Baffa Jatau, ya cafke hannunsa ya riƙe gam. Uban ya sake cewa, "Tunau, ruwa." Haka ya yi ta kira, murya tana raguwa, har ya daina. Ko da Mai Aradu ya iso da madararsa, gawa ya wanke.

Yanzu ban ga mai murmushi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk lokacin da aka yi tsawa, muryar nan Tunau yake ji a bayanta.

Ana nan, Tunau ya girma ya yi aure, sai wani mai bishara, Malam Istifanus, ya fara zuwa garin da ƙafa lokaci-lokaci. Mutane 'yan tsiraru suka ba da gaskiya, cikinsu har da Tunau da Tabawa. Ɗakin addu'arsu Tunau ne ya yi masa jinka da hannunsa, bai karɓi ko ƙwayar gero ba. Aka ba shi aikin buga ƙarfe na kiran jama'a, wata tsohuwar garma ce aka rataye a reshen tsamiya. Da rani ba ya fashi, kafin kowa ya tashi ya isa gindin tsamiya. Amma da damina, in gari ya yi lumshi ranar Lahadi, sai a ji shiru. Ƙarfe a gindin itace, ga hadari a sama, ina Tunau zai iya? Sai dai wani ya je ya buga. Abin yana cinsa a rai ƙwarai, yana jin kunyar Ubangijinsa.

Wata rana ya sami Malam Istifanus ya ce, "Malam, na daina zuwa gindin tsafi, na daina shan giya, duk ban ji wuya ba. Amma tsoron nan ya ƙi fita. Yaushe Yesu zai cire mini shi?"

Malam ya ce, "Ban sani ba, Tunau. Wataƙila ya cire, wataƙila ya bar maka shi ya yi aiki da kai a haka. Kai dai in ya kira ka, kada ka ce sai ka warke."

Tunau ya yi godiya ya tashi, amma gaskiya amsar ba ta yi masa daɗi ba. Magani ya zo nema.

A garin kuma akwai wani ƙato mai suna Bagudu, gwanin noma. In ya kama garma, ƙarti uku ba sa cim masa. Ga ƙarfi, ga baki. Shi ya mai da Tunau abin wasansa. Sai ya laɓaɓo ta bayansa da busasshen ƙirgi ya dake shi da sanda, ƙara ta tashi, Tunau ya zube ƙasa, samari su yi ta dariya har da riƙe ciki. Duk wannan Tunau ya haƙura. Wadda ta fi yi masa ciwo ita ce ranar da Bagudu ya tare shi a dandali ya ce, "Kai Tunau, wannan Yesun naka, shi ma ɗaki yake shigewa in an yi cida?" Tunau ya sunkuyar da kai ya wuce. Ya san ta dalilinsa aka taɓa sunan Ubangiji.

Ku saurara da kyau, ga ranar tana zuwa. Kai ɗan'uwa da ke gyangyaɗi a bayan can, wannan wurin ba na barci ba ne.

Cikin marka, lokacin da ruwa ya kankama, Baffa Jatau ya kira gayya a babbar gonarsa. Shi ne kuma dattijon da ake jin maganarsa a garin a lokacin. Gari ya fito kaf, masu bi da waɗanda ba su bi ba, don gayya ba ta tambayar addini. Makaɗa suna ta zuga manoma. Tunau ya kafa rumfar zana a gefen gona inda mata za su ajiye abinci, Tabawa tana can goye da 'yarsu, tana dama kunu. Bagudu kuwa yana gaba, ya bar kowa a baya, yana ɗaga garma sama yana kirari.

Rana ta karkata sai gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso. Tunau tun cidar farko ya ajiye fartanya ya shige ƙarƙashin rumfa ya tsuguna cikin mata, ba kunya ba kome. Dattawa suka ce a tashi. Bagudu ya ce saura kaɗan ya kai gaɓa, ba zai bar aiki a tsakiya ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Bagudu ya ɗaga garma, sai wani haske ya tsaga sama, ƙara ta biyo baya wadda ta zubar da mutane ƙasa. Da aka ɗago kai, Bagudu ba ya tsaye. Yana can kwance rubda ciki a cikin kwarin da ke tsakanin huɗa biyu, garmarsa a gefe, ƙotar tana hayaƙi.

Ba wanda ya jira umarni, kowa ya san abin yi. Gatura suka fito, aka sassari farar ƙaya daga bakin gona, aka ja aka kewaye shi tun daga nesa. Aka tashi mai gudu zuwa wurin Mai Aradu. Bai daɗe ba ya dawo jiƙe sharkaf ya ce rafi ya kawo, ya shafe mashigi, ko gwanin iyo ba zai ƙetare ba, sai ranar da ruwa ya janye. Jama'a suka tsaya cirko-cirko a bayan ƙaya. Ruwan sama ya ɗan tsagaita, amma gonar gangare ce, duk ruwan da ya sauka a tudu ta cikin kwaruruwan huɗa yake bi.

Sai wata mace ta ce, "Ya motsa."

Aka duba, gaskiya ne. Yatsun ƙafarsa suna motsi. Ya yi wani nishi, ya yi ƙoƙarin ɗaga kai, kan ya koma cikin taɓo. Ruwan kwarin yana taruwa a jikinsa, don jikin nasa ya tare masa hanya kamar madatsa. Ya riga ya kai masa haɓa. Kowa yana gani, kowa ya san abin da zai faru in ya kai hanci.

Tsohuwar Bagudu ta iso da gudu, zani a hannu. Ta zo har bakin ƙaya ta durƙusa. Ya ji muryarta, ya ce, "Inna." Ta miƙa hannu ta saman ƙaya tana kuka tana cewa, "Ga ni, ɗana, ga ni," amma ƙafarta ba ta tsallaka ba. Kada ku zage ta. Tana da wasu 'ya'ya da jikoki a gida, kuma abin da aka gaya mata ke nan tun tana cikin zanin goyo. Akwai masu bi a wurin, 'yan'uwa. Har wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen waƙa ranar Lahadi yana nan tsaye, hannu a ƙirji. Gabas kuma ta sake haɗowa, cida tana matsowa.

Tunau yana ƙarƙashin rumfa, yatsu a kunne. Amma kun san yatsa ba ya tare irin wannan murya. Ya ji "Inna" ɗin nan ta ratso. Ya buɗe ido ya ga ƙaya, ya ga taron mutane a bayanta, ya ga mutum kwance a ciki yana kira. Duk abin da ya gani yana yaro, ga shi an sake shimfiɗa masa.

Ya miƙe. Tabawa ta dube shi, ta gane, mace ta san mijinta. Ta ce a hankali, "Maigida, dubi yarinyar nan da ke bayana."

Ya dubi yarinyar. Tana barci, ta kwantar da kunci a bayan uwarta. Wallahi 'yan'uwa, wannan ya fi aradu nauyi a zuciyarsa. In kansa kaɗai ne da sauƙi. Ya tsaya, ya koma ya tsuguna, ya sake miƙewa. Bai iya doguwar addu'a ba, ba irinmu ba ne da muke jero wa Allah kalmomi har abinci ya huce. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Yesu, ka ga ƙafafun nan, ba za su iya ba. In kai ne ke kira, ka ja su." Ya ce wa Tabawa, "Wanda ya ba mu ita ya fi mu iya tsaronta." Ya faɗa kamar shi ma yana so a tabbatar masa.

Ya fito cikin yayyafi ya nufi shingen. Da farko ba wanda ya kula, wa zai kula da Tunau? Sai da ya kai bakin ƙaya ya ɗaga ƙafa, sannan ya ji an cafke hannunsa. Hannun nan dai, wurin nan dai. Baffa Jatau ne, ya tsufa, amma riƙon bai tsufa ba.

Baffa ya ce, "Ina za ka? Ka haukace ne? Na riƙe hannun nan sau ɗaya, shi ya sa kake raye har ka ga 'yarka. Kada ka sa in ga ƙarshen gidan yayana da idona. Kuma don wa? Don wanda ya mai da kai abin dariyar gari?"

Tunau ya ce, "Baffa, ka riƙe ni na rayu, na gode. Amma tun ranar nan ban daina jin yana kirana ba. In na tsaya yau ma, murya biyu zan riƙa ji har in mutu. Ubangijin da nake bi ba zai tsaya a bayan ƙaya ba. Don Allah sake ni."

Ko mamaki ne ya kama tsohon, ko ƙarfinsa ne ya ƙare, Allah ya sani. Yatsunsa suka saki.

Tunau ya taka ƙaya. Ta yage masa ƙauri, ta shige masa tafin ƙafa, ya tsallaka. Mata suka sa salati irin nasu, maza suka ja da baya kamar wuta ta tashi. Bai yi nisa ba aka yi walƙiya, tsawa ta fashe a bisa kansu. Tunau ya zube a kan gwiwoyinsa, ya dafe kunnuwa, ya dunƙule cikin taɓo. Wani ya ce, "Shi ke nan, ta karɓa." Ya daɗe a haka, har aka fara zaton gawa biyu za a wanke. Can sai aka ga ya sauke hannu ɗaya ya dafa ƙasa, ya sauke ɗayan. Miƙewa ta gagare shi, ƙafafu sun ƙi. Sai ya kama rarrafe. Babban mutum mai iyali, yana rarrafe cikin laka kamar jariri, yana kuka kowa yana ji, yana kiran sunan Yesu, kuma gaba yake yi.

Ya isa lokacin da ruwa ya rufe bakin Bagudu. Ya sa hannu biyu ya tallabo kan ya ɗora a cinyarsa, ya sa yatsa ya kwashe lakar da ke cikin baki da hanci. Bagudu ya yi tari, ya amayar da ruwa, ya ja numfashi. Tunau ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, ina. Na gaya muku ɗan siriri ne, wancan kuwa ƙato. Ya ja, ya ja, ko gezau.

Ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, a jefo mini zanar rumfar can."

Ba wanda ya motsa. Ko jefa zana ma tsoro ake ji, kada a ce da hannunka a ciki.

Sai ga Tabawa. Ta ƙara tamke majanyi a ƙirjinta, ta fizge zanar daga kan rumfa, ta ɗauki wata garma ta ja ƙaya gefe ta yi hanya, ta shiga da goyonta. Fuskarta sharkaf da hawaye, kuma ba ta ɓoye fushinta ba. Ta ce, "Ai an riga an ce da gidanmu duka. In aradun za ta faɗo ta same mu wuri ɗaya. Kama ta kai, in kama ta ƙafa."

Suka mirgina shi kan zana, suka ja shi suka fito. Taron ya dare musu kamar an ga kura. Baffa Jatau ya ce, "Kun san doka. Ƙofar gari ta rufu gare ku har kaka, da ku da shi." Tunau ya ce, "Mun sani, Baffa." Suka ja zanar nan cikin ruwa, su ja su huta, su ja su huta, har wata tsohuwar bukkar gona da Tunau yake da ita can nesa da gari.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba. Bukka ƙarama, sauro, sanyi, ga majinyaci da ƙuna tun daga kafaɗa har ƙugu. Tabawa tana shafa masa man kaɗanya, Tunau yana ɗura masa kunu da ludayi. Hannun daman Bagudu ya shanye, hannun garmar nan, bai ƙara ɗaguwa ba. Tsohuwarsa takan kawo ƙullin gari ta ajiye a kan wani dutse daga nesa, ta tsaya ta yi ta kallon bukkar, ta juya. Geron Tunau da ke kusa da gari ba mai tsaro, tsuntsaye da awaki suka gama da shi. Da rafi ya janye, Mai Aradu ya zo ya wanke ƙasar da ba kowa a kanta, ya ce shi ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Duk ranar da hadari ya haɗo, mutanen gari sukan hau tudu su zuba wa bukkar ido, suna jira su ga hayaƙi.

Ana cikin haka yarinya ta kamu da zazzaɓi, jiki kamar garwashi, ta ƙi nono. Labari ya kai gari, aka ce to, aradu ta fara karɓa. Tabawa ta rungume 'yarta ta juya wa Tunau baya. Tunau ya fita bayan bukka ya durƙusa ya ce, "Ubangiji, in na yi kuskure, a kaina za ka ɗora, ba a kanta ba." A kwanakin nan Malam Istifanus ya iso garin, ya ji abin da ya faru, ya wuce kai tsaye zuwa bukkar. Ya shiga, ya zauna a kan tabarmarsu, ya sa hannu cikin ƙwaryarsu ya ci, ya yi addu'a tare da su. Zazzaɓin ya ɗauki kwanakinsa, irin na damina da yara ke yi, sannan Allah ya sa ya sauka.

Wata rana da yamma aka yi wani hadari mai tsanani. Lokacin Bagudu ya fara zama da kansa. Tsawa ta fashe, ya waiwaya, sai ya ga Tunau a lungu, lulluɓe da tabarma, yana makyarkyata kamar yadda ya saba. Bagudu ya yi ta kallonsa. Da abin ya lafa ya ce, "Tunau, ashe har yanzu kana jin tsoronta?"

Tunau ya ce, "Ina ji mana. Yau ma kamar raina zai fita."

Bagudu ya ce, "Ni na zaci wani magani Yesun nan ya ba ka ranar. To in kana tsoro haka, me ya shigar da kai? Ni da ko sannu ban taɓa yi maka ba."

Tunau ya ce, "Ni ma kwance nake cikin nawa shingen, ba mai iya zuwa, Yesu ya tsallako ya ɗauke ni, ƙaya ta sossoke shi saboda ni. Da na gan ka, na rasa yadda zan ce masa ina jin tsoro."

Bagudu ya juya fuska bango. Ƙaton nan da bai taɓa kuka a gaban mutum ba, kafaɗunsa suka yi ta girgiza.

Damina ta ja jiki ta fita. Dawa ta nuna, sama ta washe, bukka tana nan tsaye da mutum huɗu a cikinta, ba wanda ya ragu. Ran nan da hantsi Tunau yana saƙar zana a ƙofar bukka, sai ya hango wani tsoho yana tahowa da sanda, shi kaɗai, da damin dawa a ka. Baffa Jatau ne. Bai tsaya a dutsen da ake ajiye abinci ba, ya wuce shi, ya zo har ƙofa ya sauke damin. Tunau ya durƙusa ya gaishe shi. Baffa ya ce, "Ku tattara ku koma gida, lokaci ya cika." Bagudu ya fito yana jan ƙafa, ya gaishe shi da hannun hagu. Tsohon ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ga mutum da ransa, yana numfashi, yana magana. Sai ya zauna daɓas a ƙasa.

Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗana, gaya mini gaskiya. Ranar nan, da na sake ka ka kai masa ruwan, da yayana ya tashi?"

Tunau ya matsa ya kama hannun tsohon, hannun da ya riƙe shi sau biyu. Ya ce, "Allah ne ya sani, Baffa, ni ban sani ba. Amma na san ba mugunta ce ta riƙe ka ba. Abin da ke riƙe ni shi ya riƙe ka."

Tsohon ya ce, "Cibiya ɗaya muka fito. Ina tsaye yana neman ruwa, ga rijiya a bayana." Ya kifa kai a kan gwiwa ya yi kukan da ya riƙe tun ranar, Tunau yana riƙe da hannunsa har ya gama.

Tunau ya rayu har ya yi furfura, kuma an ce har ya koma ga Ubangijinsa in aka yi tsawa sai jikinsa ya ɗauki rawa. Allah bai cire masa ba. Amma tun daga shekarar nan ƙarfen tsamiya bai ƙara yin shiru da damina ba. In ka ji bugun yana sarƙewa ranar hadari, hannun mai bugun ne ke karkarwa.

To jama'ar Allah, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ubangiji bai ce sai zuciyarka ta daina bugawa sannan ka yi masa aiki ba. Ƙarfin halin mai bi shi ne ya ji tsoron, ya kira sunan Yesu, ya taka. In tafiya ta gagara, ya rarrafa. Ranar nan akwai ƙarti a gonar, akwai masu murya, akwai uwar da ta haifa, amma matsoracin gari Allah ya aika, don kowa ya san ƙarfin ba na mutum ba ne.

Kuma kada wani ya ce ai mu yanzu mun waye, ba ma sarar ƙaya. Muna sara, da baki muke sara. Akwai matar da mijinta ya mutu da ciwon da ake raɗe-raɗinsa, tun ranar jana'iza ba wadda ta taka ƙofarta cikinku, mata, kun san wadda nake nufi a unguwarku. Akwai yaron da ya fito daga gidan yari, yana zama shi kaɗai a bencin baya. Akwai maƙwabcinka da ba addininku ɗaya ba, ranar da gari ya rikice ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, kana ciki kana jinsa. Akwai gaskiyar da ka sani a wurin aiki, wadda in ka faɗa za ta ceci wani, ka haɗiye ta don kada a juyo kanka. Kowannenmu yana tsaye a bayan wata ƙaya yana cewa bari abin ya lafa tukuna, bari wani ya fara shiga. Mai Aradu muke jira mu ma, alhali rafi ya kawo, ruwa kuma yana hawa fuskar ɗan'uwanmu.

Ban ce ƙayar ba za ta soke ka ba. Ta soki Tunau, ya yi asarar geronsa, ya kwana a jeji da iyalinsa. Amma ka zaɓa tun yau wanda za ka zama in ka tsufa, mai tabon ƙaya a ƙafa, ko tsohon da ya zauna a ƙasa yana tambayar abin da ba mai iya amsa masa. Akwai wanda ke kiran sunanka yanzu haka, ka san shi, tun ina magana fuskarsa take zuwar maka. Kafin ranar yau ta faɗi ka je wurinsa, ko da gwiwoyinka suna rawa. Ubangiji da ya ja ƙafafun Tunau ya ja namu. Mu miƙe mu yi addu'a.